Gurun Kaka da Butik ɗin Zakin Kurfai

Tun da na dawo daga Agadas ban sake shan shayi a natse ba a fadarmu, majalisar hirarmu ta bakin tashar Filinge. Duk wanda ya jawo benci sai ya ce, "Mushe Hamidu, ba mu labarin Agadas," don mushe ake ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu. Na yi ta bayarwa guntu-guntu har labarin ya fara dawo mini da ƙari. Wata ranar kasuwa wani ya tsare ni yana mini barka da kuɓuta daga hannun 'yan tawaye, alhali ko inuwarsu ban gani ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga farko har ƙarshe, mai son ƙara gishiri ya ƙara nasa daga baya.

Abin ya samo asali ne daga guru. Kakanmu Gado ɗan kokowa ne, kuma tsofaffin ƙauyenmu sun rantse ba a taɓa kai shi ƙasa ba a duk faɗin Kurfai. Ni ban tarar da shi ba, na dai lura duk masu iya ƙaryatawa sun riga sun mutu. Yana da wani guru, ɗamarar fata mai layu a ciki, da yake ɗaurawa a ƙugu in zai shiga fili. Da ya rasu gurun ya koma hannun ƙanen mahaifina, Baba Arzika. A zamanin mulkin soja na farko, lokacin da gwamnati ta ɗauki kokowa ta mai da ita abin ƙasa, ana zagayawa da ita gari-gari ana ba gwani takobi, aka zaɓi Baba Arzika cikin waɗanda za su wakilci yankinmu a Agadas. Ya tafi da gurun. Motar da ta kai su ta dawo da kowa ban da shi. Ina yaro a lokacin. Abin da na riƙe kawai shi ne rediyon da aka kewaye a ƙofar gida, da yadda mahaifina ya murɗe ta ya shige ciki.

Bayan nan sai labarai. Direbobi suka ce ya buɗe butik, wato kanti, Anasara na layi a ƙofarsa. Wasu suka ce bene ne. Duk Salla yana aiko da sukari da shadda, amma ƙafarsa ba ta sake taka Kurfai ba, ko rasuwar mahaifina saƙon gaisuwa ya aiko. Haka aka shafe wajen shekara talatin.

Bara ƙanena Namata ya fara suna a kokowa. Ya kayar da samarin ƙauyukan kusa, aka ce bayan kaka zai shiga filin Filinge, inda ake zaɓen masu tafiya gaba. Sai Gwaggo Delu, yayar mahaifinmu, ta aika a kira ni. Gwaggo 'yar bori ce, irin ta da, wadda ko liman in ya biyo ta ƙofarta yakan gaishe ta da ladabi ya ƙara sauri.

Ta ce, "Hamidu, kai ne ka yi lakwal, ka iya yaren jandarma, kuma kuna hutu. Ka tahi Agadas ka ce ma Arzika, in shina da rai, shi kawo gurun Baba. Yaron ga ba shi shiga hili da ƙugu tsirara."

Na ce, "Gwaggo, kin san ni ban yarda da waɗannan abubuwa ba."

Ta ce, "Ban ce ka yarda ba. Cewa na yi ka tahi."

Da ina da wayo da na bi ta Yamai na hau kar, babbar motar fasinja, a kan kwalta. Amma a taswirar da nake koya wa yara, tsakanin Filinge da Tawa bai wuce faɗin yatsa biyu ba, sai na hau wata tsohuwar kamiyo, motar kaya mai bin hanyar Sanam, ɗauke da buhunan wake, mu mutane a bisa. Ƙarshen damina ne. Taswirar ba ta nuna laka ba.

Kusa da ni akwai wani dattijon Bafillace mai suna Siddo, rungume da akuyar da zai kai wa surukinsa. Akuyar ta ci rabin takardar da na naɗe soyayyen namana kafin mu kai Talco, Siddo ya ba ni haƙuri da cewa ba ta saba tafiya ba. Da hira ta yi nisa na tambaye shi, da sauran dattawan da ke motar, ko sun tuna shekarar da aka yi kokowar ƙasa a Agadas zamanin soja. Duk suka ce sun tuna. Suka faɗi wanda ya ɗauki takobi, suka yi gardama kan ko da ƙafa ya kwashe abokin karawarsa ko da hannu. Na ce, "Arzika na Kurfai fa?" Suka dubi juna. Siddo ya ce, "Arzika mai sai da kanwa?"

Bayan Talco muka tarar da ƙorama ta kawo ruwa. Direba ya ce ya san hanyar kamar ɗakin uwarsa, ya afka, muka kafe a tsakiya. Kowa ya sauka turi. Na tura da gaskiyata, don kada a ce mushe ragon mutum ne, har laka ta cire mini takalmin dama ta haɗiye. Na laluba na laluba ban same shi ba. Siddo ya tsaya a tudu da akuyarsa yana kallo, da na fito ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mushe, ba ka bar mata ɗayan ba? Ko wanda zai tsinta ya amfana."

A Sanam na zagaye 'yan teburan bakin hanya neman takalmi. Abin da ya shige ni silifa ne na mata, shuɗi, da fure a bisa kowace ƙafa. Na saya na ce in na kai Tawa in canza. Siddo ya dama mana fura da nonon da ya zo da shi a gora, muka sha a ƙarƙashin motar, kuma ban sha furar da ta kai ta ba a duk tafiyar.

Mun shiga Tawa a gajiye liƙis, na kwana a tasha kan tabarmar haya tsakanin buhunan albasa. Mutanen Tawa Hausarsu ba ta yi nisa da tamu ba, sai dai komai suka dafa sai sun cika shi da albasa, har na fara zargin shayinsu. Da safe aka ce motar Agadas na shirin tashi, wanda ya rasa ta sai ya jira wani ayarin, na hau da silifana mai fure.

Lokacin an sake ta da hankali a arewa, mota ba ta wuce Abalak ita kaɗai, sai an taru sojoji sun sa ku a tsakiya. A shingen shiga garin wani jandarma ya karɓi kardantena, wato katin shaidata, ya karanta cewa ni malamin lakwal ne, ya dubi fuskata, ya dubi ƙafata, ya daɗe a ƙafar. Ya tambayi dalilin tafiya. Na ce ziyarar dangi. Ban ga yadda zan ce wa mai kaki da Faransanci ɗamarar kakana zan ɗauko ba.

Zaman jiran ayari a Abalak ne ya fara nuna mini na bar gida. A wajenmu mace ce ke jan mayafi in ta ga suruki. Can maza ne ke rufe baki da hanci da rawani, mata na yawo fuska a sake. Wani Buzu ya gayyace ni shayi, na zuba ido in ga ta ina zai sha, sai na ga ya cusa ɗan kofin ta ƙarƙashin rawanin ya fito da shi wayam. Ya ba ni busasshen cuku, na gatsa da ƙarfin mai cin ƙuli-ƙuli, haƙorina na gefe bai yafe mini ba har yau. Na sha kofi ɗaya na miƙe zan yi godiya, ya riƙe mini riga, ashe a wajensu tashi kafin na uku kusan zagi ne.

Mun isa Agadas lafiya, ba mu ji ko ƙarar bindiga ba. Na tambayi mutane gidan Arzika, ba wanda ya san shi. Sai da na ce ɗan kokowa ne daga Kurfai wani mai kabu-kabu ya ce, "Au, Zaki! Ai sai ka ce Zaki." Ya sauke ni a layin da ke kusa da tsohon masallaci, inda ake sayar wa baƙi kayan tsaraba. Rabin ƙofofin a rufe suke. Wasu samari masu raka Anasara yawon sahara suna zaune a inuwa, da suka hango ni da jaka da tabarau suka taso a guje, wannan na gaishe ni da Faransanci, wancan da wani yaren da na ji an ce Italiyanci ne. Suka ga silifana suka koma suka zauna.

Benen da direbobi suka gina mana ɗaki ɗaya ne na ƙasa. A saman ƙofar akwai babban allo, an rubuta Zakin Kurfai da Faransanci, an zana wani ƙato mai ƙirji kamar ƙofar rumbu ya ɗaga hannu sama riƙe da wani abu da na kasa ganewa. Ba takobi ba ne, ba kuma sanda ba, ya fi kama da muciya. A ƙarƙashin allon wani tsoho mai faɗin kafaɗa da tumbi yana zaune, ya naɗa rawani irin na Buzaye. Na yi sallama. Ya dube ni, ya sauke rawanin daga bakinsa a hankali, na ga haɓar mahaifina.

Ya ce, "Wa ya mutu kuma?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Hamidu ne."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba, yana tambayar gida ɗaya bayan ɗaya, har da mutanen da ƙasa ta daɗe da cinye su. Sannan ya ƙwala wa matarsa kira. Inna Lalla 'yar Agadas ce, siririya, mai magana a hankali kamar ba ta son ɓata wa kowa rai, kuma ban taɓa ganin mai ɓata labari kamarta ba. Ta kawo mini furarsu, wadda ake dakawa da dabino da cuku, mai zaƙi kamar ta masu jego, ta zauna a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida tana tsince shinkafa.

Cikin butik ɗin kuwa, bango guda walki ne na fata da kambuna da layu, sun yi ƙura. Ga takubban itace masu fenti, ga kaset-kaset na makaɗan kokowa da rana ta cinye hotunansu. Ɗaya bangon riguna ne na gwanjo masu hotunan ƙartin Amirka, masu kokowar nan ta talbijin da ake kira kac, da faya-fayansu jibge a kwali. A kusurwa wata ƙaramar talbijin tana nuna su suna jifan juna da kujeru.

A kwanakin da na yi, tarihin butik ɗin na ji shi baki biyu. Baba ya ce a waccan kokowar santsi ne ya kwashe shi. Inna Lalla ta ce ba a yi ruwa ba a watan. Abin da suka yarda a kai shi ne, wani gajeren mutum daga gabas ya kai shi ƙasa tun makaɗin Baba bai gama kirari ba, a gaban shugaban ƙasa da kakinsa, rediyo na faɗa wa duniya. Shi ne mutum na farko da ya faɗi da gurun Gado a ƙugunsa. Da safe motar 'yan kokowa ta tashi, shi yana bayan tasha a ɓoye.

Ya yi dako, ya yi gadi. Wata rana yunwa ta sa ya fito da kayan kokowarsa zai sayar da walkin, sai wani Ba'anasare ya tsaya ya ce ya sa su ya ɗauke shi hoto. Da ya gama ya nuna kambun da ke damtsen Baba ya saye shi, ya biya abin da Baba bai samu ba a wata guda na dako. Baba ya ce a ranar ya gane Allah bai manta da shi ba. Inna Lalla ta ce a ranar ya zo wurin mahaifinta, wanda baduku ne, ya ce a ɗinka masa kambu goma irin wancan, kuma ita ma ta nan ya same ta.

Daga tebur a ƙofar otal ya koma rumfa, daga rumfa ya kama ɗakin nan. Shekarun da Anasara ke ketare sahara da motoci da babura, ya ce har sai ya rufe ƙofa ya ci abinci. Abin da ya fi tafiya shi ne gurun Gado. Kowane baƙo sai Baba ya ja shi gefe ya rage murya, ya ce wannan na mahaifinsa ne, bai taɓa niyyar rabuwa da shi ba. Sabon guru ba ya sayuwa, saboda haka kowanne sai ya ɗaura shi mako guda ya sha zufa, a shafa masa man shanu, Inna Lalla ta rataye shi a madafa ya sha hayaƙi.

Na ce, "Baba, wannan ai yaudara ce."

Ya ce, "Zuhwata ce ta gaskiya, ɗiyana. Zuhwar ɗan Gado."

Na tambaye shi abin da ke hannun ƙaton da ke allo. Nan Inna Lalla ta ajiye faifanta don ta ji daɗin dariya. Da farko takobi aka zana. Wani kumandan soja ya biyo ta layin, ya ce takobin ƙasa ba abin wasa ba ne, wanda bai ci ba ba zai ɗaga shi ba ko a hoto. Baba ya kwana biyu a hannun soja, ya fito ya kira mai fenti ya mai da takobin sanda. Da aka koma mulkin farar hula ya sa aka mai da shi takobi. Soja suka dawo, ya zama sanda. Inna Lalla ta ce mutanen layin ba sa kunna rediyo in an ji raɗe-raɗin juyin mulki, allon Zaki suke leƙawa. Yanzu kuwa farar hula ke mulki a Yamai amma soja ne cike da gari, shi ne Baba ya ce wa mai fenti ya yi abin da kowa zai gani ya yi shiru.

Tawayen farko ya kori baƙi, aka yi sulhu suka dawo, wannan na biyun ya sake kwashe su. Abin da ke ciyar da gidan yanzu rigunan kac ne, da samarin da ke biyan kuɗin kallo, da masu haramar Libiya da kan sayi guru kafin su hau mota. Baba yana karɓar kuɗin kac ɗin yana tsaki.

Ya ce, "Ƙarya ce tsagwaronta. A ɗaga mutum a maka shi da ƙasa, shi tashi shi kaɗe wando a ci gaba? Mu sau ɗaya aka hwaɗuwa."

Sai a kwana na uku na isar da saƙon Gwaggo. Ya tashi ya jawo wata akwatin ƙarfe ya buɗe. Cike take da guraye, duk baƙaƙe, duk suna warin hayaƙi. Ya ce na ainihin yana ajiye shi ne a cikinsu don baduku ya riƙa ɗaukar fasali, sai wata shekarar da ciniki ya yi yawa suka cakuɗe.

Ya ce, "Ko dai shina cikin waɗanga, ko shina rataye a bangon wani a Jamus."

Ya zazzage su a tabarma, yana ɗauka yana shinshinawa, har ya ware guda biyu ya ce ɗayansu ne, in Allah ya so. Na ce Gwaggo cewa ta yi shi ya kawo. Ya ce butik ba ya rufuwa, alhali tun safe ƙuda ne kawai ya shigo. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Har yanzu ana maganar a gida?"

Na ce, "Wallahi Baba ba mai tunawa. Na tambayi dattawa a mota, ba wanda ya san sunanka."

Na zaci sanyi zai ji. Sai ya ɗago a fusace. "Kamar yaya ba su sani ba? Duk ƙasar ga ta ji a rediyo!"

Da zan taho ya ba ni rigar kac in kai wa Namata, Inna Lalla ta ba ni dabino da takalmin fata irin na Agadas, ta ce ba za ta bari in koma gida in ja musu magana ba.

A shingen fita gari wani soja matashi ya zazzage jakata ya ga gurayen. Idanunsa sun yi ja don rashin barci, ya ce jibi za a tura su cikin duwatsu. Ya rage murya ya ce, "Mushe, na ƙarfe ne?" Na ce na kokowa ne. Ya ce, "Duk ɗaya ne. Kana da biyu." Bai ƙwace ba, roƙo ya yi, irin roƙon mai bindiga a kafaɗa. Na ce ya zaɓa, ya ɗauki ɗaya ya yi mini addu'a mai tsawo. Ni da na ce ban yarda da guru ba, tun daga nan har Yamai, don wannan karon ta kwalta na biyo, ban runtsa ba, ina ta lissafin ko gadon gidanmu na ba wa baƙo.

Na tarar da Gwaggo a ƙofar ɗakinta da hantsi tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, amma ba ni take kallo ba, bayana take leƙe.

Ta ce, "Ina shi?"

Na ce bai zo ba. Na ajiye gurun a gabanta, na fara bayanin akwati da soja ina neman gafara. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, na ji tana sauke tukwane, ta fito da wani ƙunshin tsumma ta kwance. Wani ɗan guru ne siriri, ya bushe ya tsattsage, ko kusa bai kai na Baba Arzika kyau ba.

Ta ce, "Ga na Babanmu Gado. Bai taɓa barin ɗakin ga ba. Da anka zaɓi Arzika na sa baduku a Bonkuku ya ɗinka wani, na musanya mishi a jaka. Na ce abin gidanmu ba shi zuwa ƙasar da iskokinmu ba su sani ba. Na ce in ya ci, ya ci da ƙarhinshi." Ta tsaya tana murza ɓawon gyaɗa. "Ban san zai ƙi dawowa ba. Ubanku na da rai ban iya hwaɗi ba. Na zaci in na ce guru, zai kawo da ƙahwarshi in gan shi. Kira shi a wayarka. Ni bakina ba shi iyawa."

Na hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa, na kira, na faɗa masa kamar yadda ta faɗa.

Can ya ce, "Ke nan shekarun ga duka jabun jabu nika sai da ma Anasara?" Sai muryarsa ta canza, ta yi ƙarfi kamar ta saurayi. "Hamidu, ka gani ko? Ba ni anka kada ba! Da na gaskiya ne a ƙuguna, wancan gajeren ko taɓa ni bai yi."

Daga nesa na jiyo Inna Lalla a hankali tana cewa, "Da ka faɗi."

Bai kula ta ba. Ya ce, "Yaushe ne kokowar yaron?"

Bayan an gama yankan hatsi ya sauka a tashar Filinge da rawaninsa, ya bar butik a hannun Inna Lalla. Ba wanda ya gane shi, ya yi ta gabatar da kansa ga mutanen da ba su tambaya ba, yana ba su labarin musanyar guru. Gwaggo ta zo gidana don kokowar. Da suka haɗu suka gaisa kamar daga gona ya dawo. Ta ce, "Ka tsuhwa." Ya ce, "Ke kuma ɓarauniya." Suka zauna kan tabarma ɗaya har la'asar, tana ɓare masa gyaɗa yana ci.

Ranar kokowa fili ya cika. Baba da kansa ya ɗaura wa Namata gurun Gado, ya zagaya yana ce wa mutane yau za su ga abin da aka hana su gani zamanin soja. Aka fito da abokin karawar, wani siririn saurayi daga Imanan, mai ƙafafu kamar na zalɓe. Makaɗinmu ya ɗauki kirari, ya ambaci Gado, yana shirin ambaton Arzika, sai fili ya ɗauki ihu. Namata na ƙasa.

Na juya na dubi Baba. Hujjar da ya jira shekara talatin bai more ta ba ko wata uku. Ya tsaya baki buɗe, rawanin ya zame masa. Na ɗauka zai zauna ne ko ya sulale. Sai na ga ya tsallake igiya ya shiga fili, wani jandarma ya tare shi, ya ture hannunsa ya wuce.

Namata na zaune cikin rairayi kai a sunkuye, yana satar kallon ƙofar baya, wadda ke fita wajen motoci. Baba ya kama shi ta hammata ya tsayar, ya kaɗe masa baya, ya kwance gurun ya miƙo mini kamar igiyar akuya.

Ya ce, "Mi kake kallo can? Tasha?"

Hawaye suka zubo wa Namata.

Baba ya ce, "Ta babbar ƙohwa za mu hita, mu bi ta tsakiyar kasuwa kowa shi gan mu. Mai dariya shi yi ta yau shi gama. Gwaggonka ta ɗora tuwo."

Haka muka bi. Wasu sun yi dariyar, wasu samari ma har da waƙa. Wata mai ƙosai ta ce, "Sannu Namata, sai baɗi." Ina biye da su a baya, ina kallon hannun tsohon a wuyan hannun ƙanena. Bai sake shi ba sai da suka shiga zaure.